Laftof Ta Ƙi Hawa Intanet ta Wi-Fi: Yadda Ake Gano Inda Hanyar Ta Yanke

Tsakanin burauzar da ka buɗe da shafin da kake nema akwai gaɓoɓi huɗu. Akwai katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar tare da direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa shi. Akwai haɗuwar katin da na'urar da ke watsa sigina, ko rawuta ce, ko MiFi, ko hotsifot ɗin waya. Akwai adireshin da wannan na'urar ke ba kwamfutar. Sai kuma hanyar da ita kanta na'urar ke bi ta kai ga kamfanin sadarwa. Kowace gaɓa da irin alamar da take nunawa idan ta yanke, kuma gyaran ɗaya ba ya amfanar ɗaya. Wanda ya yi gaggawar sauke Windows ya ɗora sabuwa tun bai duba ba, yana iya rasa fayilolinsa da yininsa, ƙarshe ya tarar data ce ta ƙare a layin.

Bayanin nan ya shafi Windows 10 da Windows 11. An bar sunayen wuraren dannawa yadda suke bayyana a allo, don ka gane su da ido.

Fara da gwaji biyu kafin ka taɓa saiti

Ɗauki waya, kashe mata datar layi, sannan ka haɗa ta da Wi-Fi ɗin da laftof ta ƙi hawa. Kashe datar ya zama dole, domin wayoyin yanzu suna komawa kan datar layi da kansu idan Wi-Fi bai da intanet, sai ka zaci komai lafiya. Buɗe wani shafi da ba ka saba buɗewa ba. Idan wayar ma ta kasa, rabu da laftof, laifin na rawuta ne ko na kamfanin sadarwa.

Gwaji na biyu kishiyar na farko ne: kunna hotsifot a wata wayar mai data, ka haɗa laftof ɗin. Idan ta hau lafiya, katinta da direbanta ƙalau suke, saɓanin yana tsakaninta da waccan rawutar kaɗai. Idan nan ma ta ƙi, matsalar tana cikinta.

Daga nan ka danna Restart, ba Shut down ba. Windows tana da wani tsari mai suna Fast Startup wanda ke ajiye halin da direbobi suke ciki a lokacin kashewa, ya dawo da su yadda suke idan an kunna. Direban da ya sarƙe kafin Shut down zai farka a sarƙe. Restart ne ke ɗora komai sabo.

Idan laifin na rawuta ne ko na layi

Duba data tukuna. A Najeriya, tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin kamfanonin waya a 2023, *323# na nuna ragowar data a kowane layi, *312# kuma na sayen sabuwa. Kada ka tsaya kan yawan da ya rage, duba ranar ƙarewa da irin datar. Datar da aka keɓe wa WhatsApp ko Facebook tana sa waya ta yi ta karɓar saƙonni kamar komai daidai, amma laftof ba za ta buɗe sauran shafuka da ita ba. Haka datar dare ba ta aiki da rana. Layin da ke cikin MiFi kuma an fi mantawa da shi: ana iya rufe shi saboda ba a haɗa shi da NIN ba, ko don ya daɗe ba a amfani da shi. Cire shi ka sa a waya, nan take za ka ga ko yana da sabis.

Idan data na nan, zare wutar rawutar, ka ƙirga daƙiƙa 30, ka mayar. Ba ta minti 2 zuwa 3 kafin ka yanke hukunci, domin siginar Wi-Fi tana fitowa tun kafin rawutar ta gama haɗuwa da waje. A wannan tsakani laftof za ta haɗu amma ta ce babu intanet, abin da ake yawan gani da zarar an dawo da wuta ko an tayar da janareta. Dubi fitilun: ta Internet ko WAN idan ja ce ko a kashe, hanyar waje ce ta yanke. A na'urar faiba, jar fitilar LOS na nufin haske ba ya isowa ta zaren gilashin, ko ya karye ko ya lanƙwashe da yawa, kuma wannan aikin kamfani ne.

Akwai abin da ba a cika zargi ba, wato adaftar wutar rawutar. Da yawa 12V ce mai 1A ko 1.5A. Idan ta fara gajiya, ko an musanya ta da mai ƙarancin ƙarfi, fitilu za su kama amma rawutar ta riƙa mutuwa tana tashi duk lokacin da aiki ya yi mata yawa. Karanta abin da aka rubuta a bayan rawutar, ka gwada wata adaftar mai wannan volt ɗin daidai. Ampiya za ta iya ɗara abin da aka rubuta, volt ne ba a canzawa.

Babu alamar Wi-Fi sam, ko jerin fanko ne

Wannan gaɓar farko ce, katin da direbansa. Fara da abu mai sauƙi. Danna alamar sadarwa a ƙasan allo ta dama, ka tabbata Airplane mode a kashe yake, Wi-Fi a kunne. Sannan duba madannai. A HP da yawa maɓallin F12 ne, mai ƙaramar fitila: ruwan lemo na nufin a kashe, fari ko shuɗi a kunne. A wasu kwamfutocin sai an haɗa da Fn. Tsofaffin Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, irin su E6420 da T420 da suka cika kasuwar na hannu, suna da ɗan makunni a gefen jiki wanda jaka ke iya turawa ba a sani ba. Idan wannan makunnin na kashe, babu saitin Windows da zai tayar da Wi-Fi.

Idan duk wannan daidai ne, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ncpa.cpl, ka danna Enter. Idan ka ga Wi-Fi ya yi toka-toka an rubuta Disabled, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Enable. Sannan ta wannan hanyar ka buɗe services.msc, ka gangara zuwa WLAN AutoConfig. Dole ya kasance Running, nau'in tashinsa kuma Automatic. Manhajojin da ke iƙirarin ƙara wa kwamfuta sauri suna kashe shi wani lokaci, kuma in babu shi Windows ba ta neman sigina ko kaɗan.

Yanzu ta wannan hanyar buɗe devmgmt.msc, wato Device Manager, ka faɗaɗa Network adapters. Nemi suna mai ɗauke da Wireless, ko Wi-Fi, ko WLAN, ko 802.11. Abu ɗaya cikin huɗu za ka tarar.

Idan sunan na nan da ƙaramar kibiya mai kallon ƙasa, an dakatar da katin ne, Enable device ya wadatar.

Idan alama mai ruwan ɗorawa mai kusurwa uku ce a kansa, buɗe Properties ka karanta lambar kuskuren. Code 10 na cewa katin ya kasa tashi, Code 43 kuma Windows ce ta tsayar da shi saboda ya kawo rahoton matsala. Kafin ka taɓa direba, sauke wutar da ta maƙale: kashe kwamfutar, zare caja, cire batir idan mai cirewa ne, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da komai. Katin yana iya sarƙewa ta yadda Restart ba ya kai masa, domin wuta ba ta yanke masa gaba ɗaya. Idan hakan bai yi ba, danna sunan da maɓallin dama, zaɓi Uninstall device, amma kada ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge direban, tun da ba ka da intanet ɗin sauko da wani. Yi Restart, Windows za ta sake ɗora shi da kanta. Idan kuwa matsalar ta fara ne bayan sabuntawar Windows, shiga shafin Driver ka danna Roll Back Driver, in yana dannuwa.

Idan babu sunan a Network adapters amma a ƙarƙashin Other devices akwai Network Controller mai alamar nan mai ruwan ɗorawa, katin lafiyarsa ƙalau, direba ne babu. Haka kan faru bayan an ɗora sabuwar Windows. A nan ana shiga tsaka mai wuya, ana buƙatar intanet don samo direba, ana buƙatar direba don samun intanet. Mafita ita ce kebul ɗin caja mai ɗaukar bayanai: haɗa wayar Android da laftof, ka kunna USB tethering a saitin hotsifot na wayar, Windows za ta ɗauke ta kamar kebul ɗin intanet ba tare da an ɗora komai ba. Kebul ɗin rawuta ma ya yi, idan laftof ɗin tana da raminsa.

Don sanin direban da ya dace, buɗe Properties na wannan Network Controller, shiga Details, zaɓi Hardware Ids. Haruffa huɗun da ke bin VEN su ne shaidar kamfanin da ya ƙera katin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 168C Qualcomm Atheros, 14E4 Broadcom, 14C3 MediaTek. Wannan duban yana da muhimmanci saboda samfurin laftof ɗaya kan zo da katuna iri biyu ko uku, kuma a na hannu wataƙila an ma taɓa canza katin. Sauko da direban daga shafin HP, Dell, Lenovo ko na Intel, ta amfani da lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar. Manhajojin da ke alkawarin ɗora dukkan direbobi a danna ɗaya gara a ƙyale su, sukan ɗora wanda bai dace ba su haɗa da tarkacen talla.

Na huɗu, babu katin ko'ina, ko da ka zaɓi Show hidden devices a ƙarƙashin View. Shiga BIOS, wato saitin kwamfutar da ke buɗewa tun kafin Windows ta hau, ta danna maɓallinsa lokacin tashin kwamfutar: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad. Nemi inda aka rubuta Wireless ko WLAN ka tabbata a kunne yake. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje wani lokaci a nan aka rufe musu shi. Idan a kunne yake amma Windows ba ta ganin katin, ko ya goce daga raminsa ko ya mutu, sai a koma ga bayanin buɗe kwamfutar da ke ƙasa.

Tana ganin na maƙwabta, ba ta ganin naka

Katin yana aiki ke nan, amma akwai abin da rawutarka ke yi wanda ya fi ƙarfinsa. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni (Windows tare da R, sannan cmd), ka rubuta:

netsh wlan show drivers

Dubi layin Radio types supported. Idan 802.11b da g da n kaɗai ke wurin, babu a, babu ac, babu ax, katin zangon 2.4GHz kawai yake ji. Siginar da ake watsawa a 5GHz ba za ta taɓa fitowa a jerinsa ba. A hotsifot ɗin Android, shiga saitinsa ka mayar da zangon 2.4GHz. A iPhone 12 zuwa sama, kunna Maximize Compatibility a ƙarƙashin Personal Hotspot, aikin ɗaya ne.

Ga rawuta ko MiFi, sai ka shiga shafin saitinta ta waya. Adireshin da kalmar shiga suna rubuce a jikinta ko a ƙarƙashin batir. Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Tabbatar 2.4GHz a kunne yake, sannan ka dubi Channel. A Amurka tashoshi 1 zuwa 11 ake amfani da su, a Turai da Afirka kuwa har 13. Rawutar da aka bari a Auto tana iya komawa 12 ko 13 da kanta, wasu katunan da aka saita don kasuwar Amurka kuma ba sa ganin waɗannan biyun. Alamar wannan ita ce sunan ya bayyana yau ya ɓace gobe alhali ba wanda ya taɓa komai. Tsayar da ita a 1, ko 6, ko 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Sabuwar rawuta mai Wi-Fi 6 tana da nata rikicin da tsofaffin direbobin Intel, musamman na katuna irin 7260 da 3165 da 8260: ba sa nuna sunanta ko kaɗan har sai an sabunta direban. Idan sabuntawar ba ta samu ba, sauya yanayin rawutar daga ax zuwa n ko ac.

Tana gani, amma ta ce Can't connect to this network

Kalmar sirri ce farkon abin zargi, kuma ba lallai mantuwa ba ce. Danna alamar ido da ke gefen akwatin ka ga abin da hannunka ke rubutawa a zahiri. Idan tsarin madannan da Windows ke bi ya saɓa da abin da aka buga a jikin maɓallan, haruffa na canza wuri. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda madannan Faransanci suka yawaita, A da Q suna musanya, Z da W ma haka, lambobi kuma sai an danne Shift. Tsakanin tsarin Ingila da na Amurka, alamar @ ce ke sauya gurbi. Windows tare da Spacebar na sauya tsarin.

Idan an canza kalmar sirri a rawuta, laftof za ta ci gaba da gwada tsohuwar. Danna sunan da maɓallin dama ka zaɓi Forget, sannan ka haɗa kamar sabo. Idan ya ƙi gogewa, yi da umarni, ka sa ainihin sunan a tsakanin alamomin zance:

netsh wlan delete profile name="sunan Wi-Fi ɗin"

Sai tsarin tsaro. Sababbin rawutoci da wayoyi suna zuwa da WPA3, wanda Windows 10 ta fara ganewa a 2019, amma katin ma sai ya iya. Tsohon kati yakan ga sunan, ya karɓi kalmar sirri, ya ɗan yi jim, sannan ya ƙi. Mayar da tsaron WPA2 mai AES. Zaɓin da ya gauraya WPA2 da WPA3 ya kamata ya yi aiki, amma wasu tsofaffin direbobi suna tuntuɓe a kansa, don haka gwada WPA2 zalla. Kada ka cire kalmar sirri gaba ɗaya sai don gwaji na minti ɗaya.

A shafin rawutar ka duba abu biyu kuma. MiFi da hotsifot suna da iyakar na'urorin da suke ɗauka, kuma mai shi yana iya rage ta zuwa biyu ko uku ya manta. Akwai kuma jerin waɗanda aka toshe, inda ake jefa na'ura bisa kuskure lokacin korar masu shan data. Idan rawutar ofis ce da ke barin na'urorin da aka yi wa rajista kaɗai, kashe Random hardware addresses a saitin Wi-Fi na Windows, domin yana sa kwamfutar ta zo da lambar shaida dabam da wadda aka rubuta.

Ta haɗu, amma No internet

Nan ne aka fi ɓata lokaci, alhali nan ne gwaji ya fi ba da amsa ƙarara. Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Nemi sashen Wireless LAN adapter Wi-Fi, ka karanta layi biyu: IPv4 Address, wato adireshin kwamfutar, da Default Gateway, wato adireshin rawutar.

Adireshin da ya fara da 169.254, tare da Default Gateway fanko, na nufin kwamfutar ta roƙi adireshi ba a ba ta ba, sai ta laƙa wa kanta wanda ba ya kai ta ko'ina. Sake kunna rawutar, sannan ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew. Idan ya ci gaba, duba ko DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, a kunne yake a rawutar, da ko adiresoshin da ta tanada sun ƙare.

Idan adireshin bai yi kama da na sauran na'urorin gidan ba, misali waya na da 192.168.8.101 laftof kuma na da 10.0.0.25, to an taɓa rubuta mata adireshi da hannu, galibi a ofis, ko makaranta, ko cibiyar jarrabawa. Buɗe ncpa.cpl, Properties na Wi-Fi, Internet Protocol Version 4, ka mayar da zaɓi biyun kan Obtain automatically, na adireshi da na DNS, mai juya sunan shafi zuwa lamba.

Idan adireshin daidai ne, bi hanyar mataki-mataki da umarnin ping, wanda ke aika ɗan saƙo ya jira amsa:

1. Rubuta ping da lambar Default Gateway, misali ping 192.168.8.1. Idan ka ga Reply from da lokaci na 'yan milisakan, tsakaninka da rawuta lafiya. Request timed out a nan na nuna raunin sigina ko wata manhajar tsaro da ta tare hanya. General failure kuwa daga cikin Windows ne.
2. Rubuta ping 8.8.8.8, wata na'urar Google ce da ke waje. Idan na farko ya amsa wannan bai amsa ba, rawutar ce ba ta fita, koma kan data da layi.
3. Rubuta ping google.com. Idan lamba ta amsa amma suna bai amsa ba, DNS ne ya lalace, wato mai juya sunan shafi zuwa lambar da kwamfuta ke ganewa.

Gyaran DNS ba wuya. Rubuta ipconfig /flushdns. Idan bai wadatar ba, koma Internet Protocol Version 4, zaɓi Use the following DNS server addresses, ka sa 8.8.8.8 a sama, 1.1.1.1 a ƙasa. Sai dai a lura, wasu hanyoyin otal da jami'a suna toshe ping da gangan, don haka rashin amsa a can ba hujja ba ce.

Idan duk ukun sun amsa amma burauza ta ƙi, intanet na nan, wani abu ne ya tsaya a gabanta. Shiga Settings, Network & Internet, Proxy, ka kashe Use a proxy server. Manhajojin VPN, musamman waɗanda ake ɗorawa don neman intanet kyauta, suna barin wannan saiti a kunne bayan an goge su, wasu kuma suna da tsarin da ke datse intanet duka idan VPN ɗin bai haɗu ba. Rufe shi bai isa ba, cire shi ka yi Restart. Manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta da wa'adinta ya ƙare ma tana iya riƙe hanya. Dakatar da ita na ɗan lokaci ka gwada.

Dubi agogo da kwanan wata. Kusan kowane shafi yanzu yana da takardar shaidar tsaro mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Kwamfutar da ke zaton tana 2015 za ta ɗauki duk takardun a matsayin marasa inganci, Chrome ya nuna Your connection is not private. Gyara ranar da yankin lokaci, wanda a Najeriya da Nijar UTC+1 ne. Idan ranar na komawa baya duk lokacin da batir ya mutu, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a kan allon uwa, wato babban allon lantarkin da ke cikin kwamfutar, ne ya ƙare, yawanci CR2032 mai 3V, a laftof kuma sau da yawa a naɗe yake da 'yar waya mai soket.

A otal, filin jirgi ko jami'a, akwai shafin shiga da dole a cika kafin a buɗe hanya. Idan bai fito da kansa ba, rubuta neverssl.com a burauza. Shafin ba shi da kullen tsaro, don haka rawutar na iya karkatar da kai zuwa nata. DNS ɗin da aka sa da hannu yana hana wannan shafi fitowa a wasu wuraren, sai an mayar da shi na atomatik.

Idan har yanzu shiru, buɗe Command Prompt ta Run as administrator, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan Restart:

netsh winsock reset

netsh int ip reset

Matakin ƙarshe shi ne Network reset, wanda ke ƙarƙashin Status a Windows 10, a Windows 11 kuma ƙarƙashin Advanced network settings. Yana cire duk katunan sadarwa ya sake ɗora su, kwamfutar ta sake tashi bayan minti 5. Yana goge kalmomin sirrin Wi-Fi da aka ajiye, don haka ka kwafe wadda kake buƙata tukuna da netsh wlan show profile name="sunan Wi-Fi ɗin" key=clear, tana layin Key Content.

Tana hawa tana sauka

Lura da lokacin da take yankewa. Idan da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir ne, tanadin wuta ne ke kashe katin. A Device Manager, Properties na katin, shafin Power Management, cire alamar Allow the computer to turn off this device to save power. Wasu sababbin kwamfutoci ba su da wannan shafi. A Power Options kuma, cikin saitin ci-gaba, idan akwai Wireless Adapter Settings, mayar da shi Maximum Performance a kan batir. Amma ka tabbata ba rawutar ce ke mutuwa tare da wutar ba.

Rubuta netsh wlan show interfaces ka dubi Signal. Sama da kashi 70 ya yi kyau. Ƙasa da 40 sai a yi ta yankewa. Zangon 5GHz ya fi sauri amma bango biyu na bulo suna cinye shi, 2.4GHz ya fi ratsawa. Ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji da tankin ruwa duk suna tare sigina. Ɗaga rawutar sama, a fili, kada a bayan talabijin ko cikin kabad. Faifan ajiya na USB 3.0 da aka soka a gefen laftof yana watsa hayaniya a zangon 2.4GHz, zare shi ka ga ko an samu sauyi.

Umarnin netsh wlan show wlanreport, ta Run as administrator, yana fitar da rahoton kwana 3 da suka wuce, da lokacin kowace yankewa da dalilin da Windows ta rubuta.

Gwaji mai tona asiri shi ne ajiye waya da laftof wuri ɗaya, taku uku daga rawuta. Idan waya ta cika sigina laftof na nuna sanda ɗaya ko biyu, ko siginar na canzawa idan ka motsa murfin allo, eriya ce.

Buɗe kwamfutar

Eriyar laftof tana saman allo. Siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, suna gangarowa ta cikin maƙallin murfi zuwa katin. Suna tsinkewa a maƙallin idan ya yi tauri ko ya karye, kuma ana mantawa a mayar da su bayan canza allo ko fanka.

Kashe kwamfutar, zare caja, kwance murfin ƙasa, ka fara cire soket ɗin batir kafin ka taɓa komai. Katin ɗan ƙarami ne, noti ɗaya ko biyu ke riƙe shi. Ɗauki hotonsa da waya tukuna, domin launin wayar da ke zuwa gurbin da aka rubuta Main da wadda ke zuwa na Aux ya bambanta tsakanin kamfanoni. Ɗaga kan kowace waya sama tsaye da farce ko ɗan roba, kada ka ja ta jikin wayar. Kwance notin, katin zai ɗago da kansa, zare shi a karkace. Goge haƙoran zinaren da busasshen ƙyalle mai tsabta, hure ƙurar ramin, mayar da shi a karkace har ya zauna, ɗaure. Wajen mayar da eriya, daidaita kan a tsakiyar gurbinsa sosai kafin ka danna, za ka ji ɗan ƙas. Dannawa a karkace na murƙushe gurbin, kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

Idan sai an sayi wani katin, tafi da tsohon. Tsofaffin kwamfutoci kati nau'in mini PCIe suke ɗauka, na baya-bayan nan M.2, kuma kan eriyarsu ma ba girma ɗaya ba ne. A cikin M.2 ɗin ma akwai tarko: Intel 9560 da AX201 rabin aikinsu yana cikin allon uwa, don haka sai kwamfutar Intel da aka ƙera dominsu, alhali AX200 cikakken kati ne da ke shiga yawancin ramukan. Wasu tsofaffin HP da ThinkPad kuma BIOS ɗinsu na ƙin duk katin da ba ya cikin jerin kamfanin, ThinkPad ta tsaya da kuskure mai lamba 1802, HP da 104. A da yawa daga cikin siraran kwamfutocin yanzu katin a liƙe yake da dalma a jikin allon uwa, ba ya ciruwa.

A irin wannan hali, ko idan eriyar ta tsinke a cikin murfi kuma ba ka son a buɗe allo, ƙaramin katin Wi-Fi na USB ya wadatar. Masu girman farce irin TP-Link TL-WN725N zangon 2.4GHz kaɗai suke ji, kuma eriyarsu ƙarama ce, sun dace da ɗakin da rawuta take. Idan akwai nisa ko bango, nemi mai eriya a waje wanda aka rubuta AC ko AX a kwalinsa. Ka gwada shi a shagon da laftof ɗinka kafin ka biya, kuma bayan ya hau ka shiga Device Manager ka yi wa na ciki Disable device, don kada Windows ta riƙa komawa kansa.